Ranar Da Aka Ce Madawaki Ya Tsallake Sarki

A zamanin Sarki Zakari na Birnin Dargaza, ƙarshen wata damina mai ruwa da yawa, aka yi wani al'amari wanda har yau in tsofaffi suka ɗauko labarinsa sai sun rabu da gardama. Dargaza a lokacin gari ne da masallaci da tsafi suke zaune gida ɗaya. Mutum zai yi Juma'a a sahun gaba, ya fito ya biya wajen boka kafin ya isa gida, in kuwa ka ce masa Musuluncinsa da saura, to ka shirya dambe.

Madawakin garin, wato shugaban mayaƙa, sunansa Nomau. Dogo ne, baƙi wuluk, mai jajayen idanu, magana ba ta dame shi ba. Tare suka tashi da Sarki tun suna harbin ƙadangaru a gindin ganuwa, kuma ya taɓa saɓo Sarki a kafaɗa ya fito da shi daga fagen fama da kibiya a cinya. Aibinsa guda ne a wurin fadawa. Uwarsa, marigayiya Ayashe, 'yar Kwarin Gauraka ce, ƙauyen da mutanen birni suka daɗe suna raɗa cewa mayu ne. Amma muddin Nomau yana ciwo yaƙi, ba wanda ya tuna daga inda uwarsa ta fito.

Ana nan sai ga manzo daga Sarkin Zangaru, babban abokin gabar Dargaza ta yamma. Ya tsaya a gaban karaga ko rusunawar kirki bai yi ba, ya ce, "Ubangidana ya ce a gaishe ka. Ya ce ka aiko masa da dawaki da hatsi da 'ya'yan sarauta su zauna a fadarsa. In ka ƙi, da zarar Gulbin Kanya ya janye zai haye ya zo ya ɗiba da hannunsa."

Da aka fitar da manzo, Galadima Barmo, baffan Sarki, ya gyara zama. Dattijo ne mai taushin murya, wanda ba ya fashin aiko wa Sarki ƙwaryar fura daga gidansa kowace azahar. Ya ce, "Allah ya ja zamanin Sarki. Ruwan bana ya ci ganuwa, rumbuna ba su cika ba, mayaƙan Zangaru kuwa sun ninka namu. A ba su abin da suka nema, mu sayi zaman lafiya, baɗi ma shekara ce."

Sarki ya dubi Madawaki. Nomau ya ce, "Allah ya ba ka nasara. In mun ba su 'ya'yanmu bana, baɗi matanmu za su nema. Gulbin Kanya mashigi ɗaya gare shi da doki zai iya bi. A ba ni 'yan baka in tsaya a can."

Sarki ya ce, "An gama. A gaya wa manzo ya koma da hannu wofi."

Galadima ya sunkuyar da kai ya ce, "Zaki ya yi daidai."

Ba a daɗe ba Sarki ya kwanta. Kai, ciwo ne mai ban tsoro! Idanunsa suka buɗe wangalau, bakinsa ya bushe ƙamas, yana kai hannu yana cafkar abin da ba kowa ke gani, yana hira da mutanen da suka daɗe a kabari. In abin ya motsa sai ya maƙale a bango yana ihu, kuma suna ɗaya yake kira: "Nomau! Nomau!" Ranar ma wata ungulu ta sauka a kan soron fada ta ƙi tashi, aka yi ta jifa tana gyara fiffike.

To, a al'adar Dargaza, duk wanda majinyaci ya kama sunansa cikin magagin ciwo, shi ne mayen da ya kama masa kurwa. Kafin la'asar zancen ya gama gari. Masu tallan goro suka kai shi kasuwa, 'yan ɗiban ruwa suka kai shi rijiya, kowa kuma sai ya ƙara da cewa, "Af, ai dama uwarsa 'yar Kwarin Gauraka ce."

Aka tara majalisa, karaga ba kowa a kanta. Galadima ya sa aka kira Gandau, Sarkin Mayu, wanda aikinsa shi ne gano maye da tilasta masa ya saki kurwa. Ya shigo da warki da ƙahonni rataye a wuya, ya turara wani hayaƙi mai ɗoyi, ya zagaya fadawa yana shinshina kamar karen farauta. Da ya iso gaban Nomau sai ya ja da baya ya kama hanci. Ya ce, "Ga ta nan! Ƙanƙarar maita tana cikin wannan. A nono ya sha ta. Kurwar Sarki tana hannunsa, in kuwa bai tuɓe ya tsallake Sarki ba, ba za ta komo ba."

Kowa ya san inda maganar ta dosa. In Nomau ya tsallake Sarki, Sarki ya tashi, to maita ta tabbata, hukuncin maye kuwa a Dargaza jifa ne a bayan ganuwa. In ya tsallaka, Sarki kuma ya mutu, an ce ya riga ya cinye kurwar. In ya ƙi tsallakawa, an ce yana neman ran ubangidansa. Ko ta ina ya juya, kabari ne a gabansa.

Nomau ya dubi fadawa ɗaya bayan ɗaya. Mutumin da mashi ba ya sa shi ƙifta ido, sai ga gumi yana bin wuyansa.

Sai Limamin Juma'a, Malam Haladu, ya yi gyaran murya. Tsoho ne ƙanƙani, mai saurin fushi, wanda ya yi karatu a gabas ya dawo yana faɗa da rabin al'adun garin. Ya ce, "Jama'ar Sarki, ku ji tsoron Allah. Ni ban ce babu sihiri ba. Akwai shi, Alƙur'ani ya ambace shi, mai yin sa ya halaka kansa. An yi wa wanda ya fi Sarki Zakari daraja, Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. To da aka yi masa, wa ya kama ya ce ya tsallake shi? Falaƙi da Nasi aka saukar, da su ya nemi tsari, Allah ya yaye masa. Kuma sihiri ba ya cutar da kowa sai da izinin Allah. Yanzu ku gaya mini, wa ya ga Madawaki ya ƙulla wani abu? Wa ya ga ya binne wani abu? Shaidarku ita ce sambatun mai zazzaɓi da hancin wannan mutumin?"

Gandau ya ce, "Malam, kakanninmu da haka suka rayu."

Liman ya ce, "Da haka kuma suka kashe bayin Allah da yawa ba su ji ba ba su gani ba."

Galadima ya ɗaga hannu cikin natsuwa. "Allah ya gafarta Malam, ba wanda ke jayayya da Littafi. Amma ɗan ɗan'uwana yana mutuwa, maƙiya suna tahowa. Me za a rasa in an gwada?"

"Ran mutum za a rasa, da imanin gari," in ji Liman. "Ku ba ni zuwa Juma'a. Ni zan zauna da Sarki in yi masa karatu. Amma da sharaɗi: kada hayaƙin kowa ya shiga ɗakin, kada abincin kowa ya shiga. Dabino da zuma da ruwa, daga hannuna, shi ke nan."

Fadawa suka yi ta gyaɗa kai, don ba mai son a ce shi ya hana a karanta Alƙur'ani a kan Sarki. Galadima ya duba hagu da dama, ya ga ba dama, ya ce ya yarda. Amma ya sa dogarai suka karɓe takobin Nomau, suka tsare shi a wani ɗan soro kusa da bargar dawaki.

A cikin soron nan ne kan Nomau ya kwance. Da fari fushi yake yi, yana cewa ƙarya ce tsagwaronta. Daga baya sai tunani ya fara cin sa. Ya tuna uwarsa ba ta taɓa kai shi Kwarin Gauraka ba, in ya tambaya sai ta kawar da zance. Me take ɓoyewa? Ya tuna wani jaririn maƙwabcinsa da ya taɓa ɗauka ya yaba ƙibarsa, bai yi wata ba ya rasu. Ya tuna kafin Sarki ya kwanta ya yi mafarki yana bin wani farin zakara da gudu a cikin fada. Ashe ba cewa ake yi mayu suna ganin kurwa a siffar kaza ba? Sai ga Madawakin Dargaza guda, zaune a kan tabarma, ya ɗaga riga yana latsa cikinsa da yatsu, yana laluben ƙanƙara. Ya ji wani abu mai tauri a ƙarƙashin haƙarƙari, gabansa ya faɗi, can ya tuna tabon mashi ne na yaƙin Tudun Wake.

Washegari bayan la'asar Liman ya leƙo. Nomau ya durƙusa ya ce, "Allah ya gafarta Malam, yaya jikin Sarki?"

"Yana nan yadda yake. Ina karanta masa Fatiha da Ayatul Kursiyyu da Ƙulhuwallahu da Falaƙi da Nasi, ina tofawa a hannu ina shafe shi. Sauƙi na Allah ne."

Nomau ya ce da ƙaramar murya, "Malam, don Allah kada ka ɓoye mini. Mutum zai iya zama maye bai sani ba?"

Liman ya dube shi, ransa ya ɓaci, tausayi kuma ya kama shi. Ya ce, "Haba Madawaki! Har kai ma sun cusa maka? Saurara. Sihiri aiki ne da mutum ke tashi da ƙafarsa ya je ya nema, ya bauta wa shaiɗanu, ya sayar da lahirarsa yana sane. Ka je?"

"Ban je ba."

"Ka aika?"

"Ban aika ba."

"To me ya rage? Kambun baka gaskiya ne, shi ya sa in ka ga abin sha'awa ka ce Allah ya yi albarka. Amma ƙanƙara a ciki, da gadon maita a nonon uwa, da cin kurwa, na yi karatu har gemuna ya yi fari ban gamu da su ba. Rai a hannun Mai shi yake."

"To jaririn nan fa? Da zakaran da na gani a mafarki?"

"Jarirai nawa suka mutu shekarar da ba ka ɗauke su ba? Mugun mafarki kuwa, ka yi tofi ta hagu ka nemi tsarin Allah, ka daina ba da labarinsa."

Nomau ya ji sanyi kaɗan, amma nan da nan abin ya dawo. Ya ce, "Malam, in kai ne ka yi kuskure fa? In na ƙi tsallakawa ya mutu, da wane ido zan dubi kaina? Ni dai raina ba komai ba ne a kan nasa."

Liman ya tashi ya kama sandarsa. "In ka ɗaga ƙafar nan, ka gaskata boka ka ƙaryata Littafi, kuma ka buɗe ƙofar da za a jefe 'ya'yanka bayanka, don su ma za a ce a jini suka gada. Ka riƙe addu'o'inka na safe da yamma. Kada ka tsallaka." Ya fita. Daga ranar Galadima ya hana kowa zuwa soron.

Ranar Alhamis da hantsi sai ga ɗan leƙen asiri a kan doki ya jiƙe sharkaf, yana ihu tun daga ƙofar gari cewa Gulbin Kanya ya janye, rundunar Zangaru ta sauka a tsallaken mashigi. Gari ya rikice. Mata suna kwashe yara, mayaƙa sun taru a ƙofar fada ba mai ba su umarni. Galadima ya ce ba za a jira wata Juma'a ba, gari ba Sarki ba Madawaki, a yi abin da za a yi yanzu.

Dogarai suka fito da Nomau. Suka cire masa rawani da riga, suka bar shi daga shi sai wando, suka ratsa da shi ta gaban mayaƙansa. Ba wanda ya yarda suka haɗa ido.

A ɗakin Sarki ya tarar da manyan fada sun jeru a jikin bango. Sarki yana kwance a ƙasa a kan buzu, an lulluɓe shi da farin mayafi zuwa ƙirji, idanu rufe, ya rame ƙwarai, ba ya ko motsi. Liman ya tsaya a kansa ya baza hannuwa. Ya ce, "Barci yake yi! Tun da ya kwanta bai sami barci irin wannan ba. Ya yi gumi, sambatu sun tsaya. Ku bar shi, don Allah."

Gandau ya yi wata 'yar dariya. "Barcin tafiya ke nan. Kurwa ta yi nisa. In rana ta take tsaka ba a tsallaka ba, sai dai a haƙa rami."

Galadima ya ce, "Madawaki, ka ci gishirin gidan nan. In da sauran amana a zuciyarka, ka sakar mana shi."

Nomau ya dubi Liman, ya dubi Gandau, ya dubi Sarki. Wallahi bai san wanda zai gaskata ba. Fuskar da ke kan buzun nan ta fi kama da ta gawa. Ya ga Zakari yana yaro, ya faɗo daga kan tsamiya yana kiran sunansa. Ya ji muryar Liman tana cewa kada ka tsallaka, ya ji kukan matan fada ta bayan labule, ya ji tamburan Zangaru can nesa ko kuwa bugun zuciyarsa ne, bai iya bambancewa ba. Leɓɓansa suna karanta Falaƙi, ƙafafunsa kuma suna tafiya da kansu. Dogarai suka janye Liman gefe yana salati. Nomau ya iso gefen buzu, hawaye suna zuba, ya ce a ransa, in ni ne, Allah ka ɗauki raina ka bar nasa. Ya ɗaga ƙafar dama.

Sai ya ji an cafke masa idon sawu.

Hannu ne ramamme, amma riƙon na mai rai ne. Sarki ya buɗe ido, ya dube shi daga ƙasa zuwa sama, ya ce da dasasshiyar murya, "Nomau, ina rigarka?"

Ɗaki ya ɗauki salati. Nomau ya janye ƙafa ya zube a ƙasa. Liman ya fizge daga hannun dogarai, ya tallafi Sarki ya zaunar da shi, ya ba shi ruwa. Sarki ya ce a gaya masa abin da ake ciki, Liman kuwa ya zayyana masa kaf, bai rage wa kowa ba.

Sarki ya jinjina kai. Ya ce, "Don na kira sunansa? Ina kwance ina ganin kuraye suna shigowa ta bango. To wa zan kira? In kira Baffa Galadima ya zo ya ba su dawaki da hatsi?" Ya juya ga Nomau. "Ɗauko dabinon can. Da hannunka nake so."

Kowa ya san ba a karɓar abinci a hannun maye. Sarki ya karɓa ya ci a gabansu, ya tofar da ƙwallon. Sannan ya ce a hankali, "Malam, na lura tun da ka hana furar azahar shigowa kaina ya fara washewa. Sammu aka yi mini, ko zaƙami mai gusar da hankali aka dama mini a nono?"

Idanu suka koma kan Galadima, wanda ya tsaya ƙiƙam yana jan carbi.

Liman ya ce, "Allah ya ba ka nasara, ban sani ba. Ko wanne ne, Allah ne ya warkar. Yadda na ƙi a kira Madawaki maye ba shaida, haka ba zan kira wani mai guba ba shaida."

Sarki ya ce, "To a tsare Baffa a gidansa har mu gani. A mayar wa Madawakina rigarsa da takobinsa. A buga kugen yaƙi."

Rana ta karkata kaɗan lokacin da suka isa Gulbin Kanya. Nomau ya jera 'yan baka a cikin ciyawar gaɓa, dakaru masu garkuwa a bayansu. Amma yana lura da mutanensa. Da yawa sun ɗaura sababbin layu a damtse, kuma ya san ba don kibiyar Zangaru suka ɗaura ba. In ya matso wajen mutum zai ba shi umarni, sai mutumin ya dubi ƙasa ya amsa. Labarin dabino bai kai ga kowa ba, labarin ƙanƙara kuwa ya riga ya shiga ko'ina.

Mayaƙan Zangaru suka shigo ruwa, masu lifidi a gaba, ruwa har cikin dawakinsu, suna tafe a sake kamar waɗanda aka yi wa alkawarin buɗaɗɗiyar ƙofa. Nomau ya bari sai da suka kai tsakiya, ya ɗaga takobi. Kibau suka tashi. Dawaki suka yi ta faɗuwa, lifidi ya sha ruwa ya yi nauyi. Amma yawansu ya wuce misali, na baya suna taka na gaba suna matsowa, har suka fara kama gaɓa, 'yan bakan Dargaza suka soma ja da baya.

Nomau ya ga in aka ƙara jim kaɗan an gama da su. Ya yi bisimilla, ya cire kwalkwali don mutanensa su gan shi, ya zaburi dokinsa ya faɗa ruwa shi kaɗai yana kabbara.

Wani daga cikin na gaban Zangaru ya ɗago ya ga doguwar baƙar fuskar nan da jajayen idanu. Ya ƙwalla ƙara, "Nomau ne! Mayen Dargaza ne! Ba su kashe shi ba!" Ya jefar da mashi ya rufe idanunsa da hannu biyu. Ihun ya bi runduna kamar wuta a busasshiyar ciyawa. "Kada ku dube shi! Ya ci kurwar sarkinsu, ya zo cin tamu!" Jarumai masu sulke suka rufe fuska da garkuwa suka juya a makance, suna karo da juna, suna gangarawa cikin zurfi. Mayaƙan Dargaza da suka ga haka suka yi kukan kura suka bi bayansu. Kafin la'asar sakaliya ba sauran ɗan Zangaru a wannan gaɓar sai gawa da kamamme.

Aka kawo wa Nomau wani babban bafaden Zangaru a ɗaure. Mutumin ya kife fuska a laka ya ƙi ɗagowa. Ya ce, "Ka yi mini rai. Galadimanku ne ya aiko wa ubangidana cewa ya kwantar da Sarki, kai kuma an kama ka da maita, za a jefe ka kafin mu iso. Manzon Galadiman ya faɗa a gaban fadawanmu, zancen ya bazu a sansani. Mu ba ruwanmu da yadda aka yi, abin da muka riƙe shi ne kai maye ne."

Nomau ya ce, "Ɗago ka dube ni. Ni mutum ne kamarka."

Bafaden ya ƙara cusa fuska a laka.

Suka komo gari ana guɗa. An sami shaida a kan Galadima, aka sa masa mari a ƙafa, Gandau kuma ya sulale ta ƙofar arewa ba a sake ganinsa ba. Sai dai maroƙa sun riga sun tsara sabon kirari, suna bin dokin Madawaki suna zuba shi da iyakar muryarsu: "Maye uban mayu! Mai cin kurwar maza da rana tsaka! Kallo ɗaya, runduna ta watse!" Nomau ya daka musu tsawa su bari, suka ɗauka wasa yake suka ƙara murya. Mata suna yi masa guɗa daga soraye, amma duk lungun da ya shiga sai ya ga ana fizge yara ana turawa cikin gida.

Ya wuce kai tsaye wurin Liman, ko sulke bai cire ba. Ya ce, "Malam, na dube su suka zube. Da idona na gani. To mene ne wannan in ba abin da ake faɗa ba?"

Liman ya ce, "Tsoro ne ya ci su, Madawaki, ba kai ba. Sun ji tsoron abin da ba Allah ba, Allah ya bar su da shi. Gobe zan faɗa a kan mumbari."

Ya kuwa faɗa. Ranar Juma'a masallaci ya cika maƙil, Sarki ma aka riƙo shi ya zo. Liman ya yi huɗuba mai zafi a kan sihiri da bokaye da yi wa Musulmi ƙazafi, ya koya wa jama'a abin da za su karanta safe da yamma da lokacin kwanciya, ya rantse cewa Madawaki Nomau ba shi da ko ɗigon abin da ake jingina masa. Jama'a suka yi ta cewa, "Gaskiya ne, Malam. Allah ya kiyaye."

Aka tayar da iƙama. Nomau ya tsaya a wurinsa na kullum a sahun gaba. Na damansa ya ɗan matsa can, na hagunsa ma ya ɗan matsa can, har aka sami wurin mutum guda ta kowane gefe. Liman ya waiwayo ya ce, "A daidaita sahu, a cike giɓi." Kowa ya dubi yatsun ƙafarsa.

Sarki Zakari ya bar wurinsa na bayan Liman, ya tako a hankali yana dafa kafaɗun mutane, ya zo ya tsaya a daman Nomau, ya haɗa kafaɗa da shi. Liman ya sake cewa, "Saura hagu. A cike giɓi, bayin Allah." Ya jira. Masallaci cike, har waje mutane suna sallah a rana, amma ba wanda ya motsa. Tsohon ya juya ya ta da kabbara.

A ka'ida, mai bin liman yana yin sallama ta hagu ne in akwai mutum a hagunsa. Da aka idar, Nomau ya yi sallama ta dama, Sarki ya amsa. Ya juya hagu kamar yadda ya saba tun yana yaro, bakinsa ya buɗe, sai ya ga tabarma ce kawai. Ya haɗiye sallamar.